Karatun injiniya da shingen lissafi a ƙasar Madarunfa

Duk shekara idan sakamakon bak, jarrabawar ƙarshen lise, ya fito, bayan an gama guɗa da barka, akwai tambayar da ke saura a wasu gidaje na Madarunfa da Jiratawa da Ɗan Isa. Yaro ya ci, ransa yana ga aikin injiniya, amma lissafin da ya yi a lise bai yi zurfi ba, ko ma dai bak A ce a hannunsa. Shin akwai hanya? Amsoshi biyu ne suka fi yawo. Wasu su ce babu, ƙofa ta rufe tun ranar da aka raba ƴan aji bayan jarrabawar BEPC. Wasu kuma su ce kuɗi kawai za a nema, akwai makarantun da ba sa tambayar kowa abin da ya karanta. Amsoshin biyu duk suna cutar da yaro, ta farko ta kashe masa gwiwa, ta biyu ta sayar masa da takardar da ba za ta ɗauki nauyin gini ba. Ra'ayina shi ne, lissafin nan ba a tsallake shi, kuma bai kamata kowa ya yi alkawarin za a tsallake shi ba. Abin da ya kamata a sake dubawa shi ne lokacin da ake yanke wa yaro hukunci, da kuma rashin wata hanya ta biyu ga wanda ya rasa ta farko ba da laifinsa ba.

Tsarin karatun Nijar yana raba yara da wuri. Wanda ya ci BEPC a ƙarshen kwaleji, yana ɗan shekara 15 zuwa 17, ana tura shi ajin farko na lise a sashen A na adabi ko sashen C na kimiyya. Daga nan ƴan kimiyya su sake rabuwa: C ga masu lissafi da kimiyyar fizik, D ga masu lissafi da ilimin halittu. Makarantun fasaha, irin lise Ɗan Kasawa ta Maraɗi, suna da nasu sassan, E da F na fasahar masana'antu, G na harkar ofis da kasuwanci. A takarda tsarin yana da ma'ana, kowa ya bi inda ya fi ƙarfi. Amma a ƙasa, makin da yaro ya samu a lissafi a ajin ƙarshe na kwaleji ba basirarsa kaɗai yake aunawa ba. Yana auna ko kwalejin garinsu ta samu malamin lissafi a kan lokaci, ko malamin ya karanci lissafin ne ko an ɗora masa shi don babu wani, ko ɗan kwantaragi ne da albashinsa ya makara har ya shiga yajin aiki. Yana auna ko yaron yana kwana gidansu ne ko gidan mai masauki inda zai yi ɗiban ruwa kafin ya buɗe littafi. A garuruwan da ke bakin iyaka da dajin Baban Rafi, yana auna har da yawan kwanakin da tsoron ƴan bindiga ya hana zuwa makaranta. Binciken auna ilimin ɗalibai na PASEC na 2014 ya nuna cewa cikin ɗaliban ajin ƙarshe na firamare a Nijar, waɗanda suka kai matakin da ake bukata a lissafi ba su kai ɗaya cikin goma ba. Na 2019 ya nuna an samu ci gaba, amma har a lokacin mafi yawa suna ƙasa da matakin. Yaron da ya taso da wannan giɓi, ya shiga kwalejin da ba ta cike shi ba, idan aka tura shi sashen A ba za a ce an gano inda ya fi ƙarfi ba. An dai gano inda makaranta ta fi rauni.

Sashen C kuwa, wanda shi ne hanyar da aka shimfiɗa wa injiniya tun asali, ɗalibansa ƙalilan ne ƙwarai a faɗin ƙasar, kuma mafi yawan makarantun karkara ba su da ajinsa na ƙarshe. Abin yana cin kansa: ƙarancin ƴan C yana jawo ƙarancin masu karanta lissafi a jami'a, wannan ya jawo ƙarancin malaman lissafi, su kuma ƴan kaɗan ɗin da ake da su birni ya riƙe su. Ɗan ƙauye mai kaifin kai sai ya tarar da A da D kaɗai a gabansa, wani lokacin ma D ɗin sai ya bar gida.

Masu cewa ƴaƴan yankin nan ba su da kan lissafi ba su tsaya a kasuwa ba. Yarinyar da ke tallan zogale a Jiratawa tana ƙirga kuɗi da dala, takardar da ke hannunta kuma an rubuta ta da sefa. Dala ashirin sefa 100 ce, jaka guda dala metan, kuma ninkin biyar ɗin nan take yi a kai duk lokacin da ta miƙa canji ba tare da ta san wani abu take yi ba. Ɗan canji a Ɗan Isa yana juya naira zuwa sefa a kan farashin da ke sauyawa tsakanin safe da yamma. Malamin da ke rabon gado yana aiki da sulusi da sudusi da sumuni a kan dukiyar da ba ta rabuwa daidai. Tarihi ma ya san Muhammad al-Katsinawi, wanda ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732 ya rasu a Alƙahira a 1741. Abdu Mumuni, masanin fizik da makamashin rana wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, a Tasawa aka haife shi a 1929, jami'ar Maraɗi kuma sunan masanin kimiyyar sinadarai Ɗan Dikko Ɗan Kulodo take ɗauke da shi. Duk wannan yana kore zancen rashin basira. Sai dai kada a yi saurin murna, domin ƙidayar kasuwa da lissafin injiniya ba abu guda ba ne, kuma a nan ne masu amsa ta biyu suke yaudarar mutane.

Maginan gargajiya sun san azara ba ta ƙetare fili mai faɗi, shi ya sa idan ɗaki ya yi girma suke ɗaura baka. Sun san haka da ido da gadon sana'a, kuma sanin ya ishe su muddin abin da suke ginawa irin wanda iyayensu suka gina ne. Injiniya ana kiransa ne a kan abin da ba a taɓa ginawa a wurin ba. A ɗauki gungumen kankare da ƙarfen rodi da ke ɗauke da rufin aji. Idan tsawonsa mita 3 ne aka mai da shi mita 6, hankali yana cewa wahalar da zai sha ta ninka biyu. Lissafi yana cewa ƙarfin da ke neman karya shi a tsakiya ya ninka huɗu, lanƙwasawar da zai yi kuma ta ninka 16. Wanda ya ƙara rodi ninki biyu ya tafi gida da kwanciyar hankali ya bar yara a ƙarƙashin haɗari. Haka abin yake a fadamar Jiratawa, inda ake jawo ruwa daga ƙarƙashin ƙasa da famfo ana rarraba shi gonaki. Manomi ya ga bututu mai rabin faɗi ya fi arha, ya ɗauka ruwa zai ragu da rabi kawai. Alhali idan ana son tura ruwa iri ɗaya ta cikinsa, ƙarfin da zai ɓace a gogayya da bangon bututun yana ninkawa kusan sau 30, famfo ya yi ta shan wuta ko mai yana zafi har ya ƙone. Tafkin Madarunfa kansa darasi ne: ruwan da ke shigarsa da damina yana canza gudu daga awa zuwa awa, rana tana shanye wani, ƙasa tana tsotse wani, yashi yana cike gindinsa. Wanda zai ce ga yawan ruwan da zai rage a watan Afrilu dole ya iya lissafin saurin canji da lissafin tara ƙananan yanki, waɗanda ƴan lise ke kira deribe da antegiral. Babu sashen injiniya na gaskiya, gini ne ko lantarki ko injuna ko ma'adinai, da ba a shimfiɗa shekararsa ta farko a kan waɗannan ba.

Za a ce ai yanzu kwamfuta ke yin wannan duka. Gaskiya ne babu injiniyan da ke lissafa bene da alƙalami a yau. Amma manhaja tana amsa abin da aka tambaye ta ne, ko da tambayar kuskure ce. Wanda ya shigar da santimita a gurbin mita zai samu amsa mai kyan gani a allo, kuma abin da zai sa gabansa ya faɗi ya ce wannan adadi ba zai yiwu ba shi ne lissafin da ke kansa. Sa hannu a kan zane ɗaukar alhaki ne, kuma ba a kai manhaja kotu.

Ƙasashen da suka gwada sassauta sharaɗin sun ja da baya. A 2021 hukumar AICTE mai kula da karatun fasaha a Indiya ta fitar da ƙa'idar da ta ba da damar shiga karatun injiniya ba tare da lissafi da fizik na ƙarshen sakandare ba, bisa cewa jami'o'i za su cike giɓin. Malamai da masana suka yi ca a kanta, shekara ta gaba aka taƙaita sassaucin ga wasu ƴan fannoni, manyan sassan injiniya suka ci gaba da neman lissafi. Faransa, wadda tsarin lise na Nijar daga gare ta aka gada, ta cire lissafi daga darussan dole na manyan azuzuwan lise a 2019, aka ga yawan masu karanta shi ya ragu, musamman ƴan mata, a 2023 ta mai da shi dole a aji na biyu na lise. Waɗannan ƙasashe suna da malamai da kuɗin da Nijar ba ta da su, amma duk da haka ba su iya gina injiniya a kan babu ba.

To mene ne a gaban ɗan Madarunfa a yau? Mai bak D bai kamata ya tsorata ba. Lissafin D bai kai na C yawa da zurfi ba, amma ya ƙunshi tushen da ake bukata, kuma makarantun injiniya na yankin suna karɓar masu bak ta kimiyya da ta fasaha. Kusa da gida akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda aka kafa a 2010, da tsangayarta ta kimiyya da fasaha, da cibiyarta ta IUT wadda ta riga ta fara aiki tun 2008, tana koyar da fasahar gini da lantarki da injuna. A Yamai akwai EMIG, makarantar ma'adinai da masana'antu da ta buɗe a 1990, akwai cibiyar AGRHYMET ga masu son harkar ruwa da yanayi, a Wagadugu akwai makarantar 2iE. Hanyar IUT tana da wata fa'ida da ba a cika faɗi ba: ana hawanta ne mataki-mataki. Ɗalibi ya samu takardar babban ma'aikacin fasaha, ya ƙara zuwa lasisi, ya yi aiki idan aljihu ya matsa, sannan ya nemi shiga zangon injiniya, wanda a tsarin ƙasashe masu amfani da Faransanci shekara biyar ne bayan bak. Lissafin yana zuwa masa tare da abin da yake taɓawa da hannu, kuma mutane da yawa sun fi gane shi a haka. Mai bak A ne ke cikin tsaka mai wuya. Hanyar da ta tabbata a gare shi ita ce ya koma ya zauna wa bak D a matsayin ɗan takara mai zaman kansa, da kuɗin darasin yamma daga aljihun iyayensa. Wanda ubansa ke da hali zai iya, ɗan manomin gero kuwa yawanci a nan maganar ke mutuwa. Duk makarantar da ta ce masa ya kawo kuɗi ya shigo ajin injiniya kai tsaye, ya tambaye ta wace hukuma ta amince da takardarta, kuma wane darasin lissafi za ta ba shi a shekarar farko. Idan amsa ta yi ta kewaye, ya riƙe kuɗinsa.

Akwai masu kallon kudu, tunda Jibiya da Katsina sun fi Yamai kusa nesa ba kusa ba. A Najeriya mai neman injiniya yana zana jarrabawar JAMB a Turanci da lissafi da fizik da kimiyyar sinadarai, kuma dole ya ci waɗannan a jarrabawar ƙarshen sakandare. Darasin lissafi mai zurfi da ake koyarwa daban a wasu sakandare ba sharaɗi ba ne a mafi yawan jami'o'in, domin shekarar farko ta jami'a ce ke koyar da shi. Wannan ya sa ƙofar ta fi faɗi, amma mai bak A da bai yi fizik ba ba ta buɗe masa ba, ga Turanci, ga kuɗin makaranta, ga iyaka da aka rufe a 2019 aka sake rufewa a 2023. Abin da ya fi amfani a ɗauko daga can shi ne dabarar da Arewacin Najeriya ta yi lokacin da ta samu kanta a irin wannan hali. Tun farkon shekarun 1970 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ga sakandaren Arewa ba sa fitar da isassun ƴan kimiyya, sai ta buɗe makarantar share fage a cikin gida maimakon ta rage sharaɗin digiri. Har yau tana da irin wannan makaranta a Funtuwa, kuma jami'ar ce ke gudanar da jarrabawar share fage ta IJMB. Injiniyoyi da likitoci masu yawa na Arewa ta wannan ƙofa suka shiga. A Ingila ma jami'o'i da dama suna da shekarar share fage ga mai son injiniya wanda bai yi lissafin da ake nema ba, a Faransa kuma akwai shekarar cike giɓin kimiyya a wasu jami'o'i.

Irin wannan shekara ce ya kamata ta zama tabbatacciyar ƙofa a Maraɗi, a ƙarƙashin jami'a da amincewar ma'aikatar ilimi mai zurfi, ba a bar ta hannun masu darasin yamma ba. A shige ta da gwaji wanda ba ya duban harafin bak, yana duban ko yaro ya riƙe lissafin kwaleji kuma yana iya bin hujja daga farko zuwa ƙarshe. A cika ta da aljabra da lissafin kusurwa da saurin canji da fizik, awa masu yawa na warware matsala a ƙananan rukuni, domin lissafi ba a koyonsa da sauraro. Malami ya samu damar yin bayani da Hausa idan Faransanci ya tsaya wa ɗalibi a maƙogwaro, tunda sau da yawa jimlar tambayar ce ke kayar da yaro kafin ya kai ga lambobi, kuma kundin tsarin mulkin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ɗaga Hausa zuwa harshen ƙasa. A fita da jarrabawar da ba ta fi ta ƴan C sauƙi ba ko da maki ɗaya. Wanda ya ci ya shiga aji ɗaya da su, wanda ya kusa a buɗe masa IUT, wanda ya faɗi ya koma fanninsa na asali da bak ɗinsa a hannu. Kuma a sa shekarar cikin waɗanda hukumar tallafin ɗalibai ta ANAB ke tallafawa, a ware gurabe ga ƴan mata da ƴan makarantun karkara, in ba haka ba ƴaƴan birni masu hali ne za su cika ta, waɗanda dama suna da wata hanyar.

Hujja mafi ƙarfi a kan wannan shawara ita ce shekara guda ba ta gyara ɓarnar shekara goma. Akwai gaskiya a ciki. Wanda bai iya tara rabi da sulusi ba, wata tara ba za su kai shi ga antegiral ba, kuma yi masa alkawari zalunci ne. Shi ya sa gwajin shiga yake da muhimmanci. Amma ba irin wannan ake nufi ba. Ana nufin wanda ya riƙe tushe, ya yi faɗuwar maki a shekarar da kwalejinsu ba ta da malami, ko wanda ya zaɓi A don ita kaɗai ce a garinsu. Ɗan shekara 20 da ya san abin da yake nema, ba shi da wani darasi sai lissafi da fizik, yana cin zango a wata tara fiye da yadda ɗan shekara 16 ke ci yana raba hankali tsakanin darussa goma. Maganar kuɗi ma haka take. Jami'o'in ƙasar suna fama da cunkoso da jinkirin zangon karatu da bashin tallafin ɗalibai, gaskiya ne. Sai dai ɗalibin da ya shiga shekarar farko ta kimiyya bai shirya ba, ya maimaita ta, ya sake faɗuwa ya fita, shi ma ƙasa ta kashe masa kuɗin shekara biyu ba ta samu komai ba. Ana biyan kuɗin share fagen tun yanzu, a ɓoye, ba tare da an share fagen ba. Masu cewa a bar wannan a je a gyara kwaleji da firamare sun faɗi abin da ya fi komai muhimmanci, amma gyaran da aka fara yau sai bayan shekara goma zai kawo ɗalibi bakin jami'a, kuma cikin waɗanda za su bi shekarar share fage wasu malaman lissafi za su zama, waɗanda gyaran ba zai yiwu ba sai da su.

Saura masu cewa Nijar ta fi bukatar ƙwararrun masu gyara da ƙira a kan masu babban digiri. Ta fi bukatarsu da yawa, kuma raina kwalejojin fasaha da cibiyoyin koyon sana'a da ake yi kuskure ne. Amma bukatar injiniya ba a nesa take da Madarunfa ba. Layin dogo na Kano zuwa Maraɗi, mai kimanin kilomita 284, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairu na 2021 aka ba kamfanin Mota-Engil, ta Jibiya zai shigo ya ratsa ƙasar nan. Lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba Nijar a watan Agusta na 2023, Maraɗi ta ga abin da dogaro da layin waje ke nufi, kuma hasken rana da Abdu Mumuni ya ƙare rayuwarsa a kansa yana jiran masu iya auna shi. Gulbin Maraɗi yana cin gaɓarsa yana kwashe gonaki, madatsar Jibiya ta canza yadda ruwansa ke zuwa. A watan Nuwamba na 2021 ramin haƙar zinariya ya rufta a yankin Ɗan Isa, mutane aƙalla 18 suka rasu, a wurin da ake haƙa ba tare da mai auna ƙarfin ƙasa ba. Waɗannan ayyuka wani zai yi su ya sa hannu. In ba ɗan ƙasar ba ne, baƙo ne, ɗan ƙasa kuma ya ɗauki shebur.

Ga iyayen da ɗansu ke ajin ƙarshe na kwaleji, shekarar nan ce ta sa ido: ku tambayi makinsa na lissafi tun zangon farko, in malami bai zo ba ku tashi ƙungiyar iyaye ta je wurin sufeto, kuma ku nemi sanin sharaɗin shiga lise Ɗan Kasawa kafin a raba ƴan aji. Ga wanda ya riga ya riƙe bak D, ya nemi IUT ko tsangayar kimiyya, ya yi hutun damina yana bitar aljabra. Ga mai bak A da ransa ke ga injiniya, ya ɗauko littafin lissafi na ajin farko na sashen C ya gwada kansa wata uku kafin ubansa ya sayar da sa ko gona. Shugabannin jami'ar Maraɗi da ma'aikatar ilimi mai zurfi kuma, a gwada aji guda na share fage, a buga sakamakonsa a fili bayan shekara biyu, kowa ya gani ko ƴaƴan karkara sun iya.